Tsiren da Na Ƙi Ci a Kasuwar Rano

Na yi aikin dubagari shekaru masu yawa kafin in ajiye. Na shiga gidaje ba adadi, na leƙa randuna, na duba masai, na sa an zubar da abin da ya lalace, kuma yawancin abin da na gani tuni ya fita daga kaina. Amma akwai wani abu guda da ya faru ina farkon aiki, shekaru kaɗan kafin Turawa su ba da mulkin kai, wanda ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Tsufa ya kwashe mini sunaye da fuskoki da yawa, wannan kuwa ya ƙi taɓa shi.

In ka bar Rano ka nufi Kibiya, ka ɗan taɓa tafiya, akwai wata tsohuwar tsamiya a gindin wasu duwatsu. Ana ce mata Tsamiyar Mushe, har 'yan acaɓa kwatance suke yi da ita. In ka tambayi yaran yanzu dalilin sunan, za su ce maka a nan ne aka taɓa kama wani mahauci yana feɗe mushe zamanin Turawa, har aka ɗauke shi a majigi aka nuna wa duniya. An ɗauki majigi a wurin, wannan gaskiya ne, domin ni ne dubagarin da ya yi kamun. Amma akuyar ba mushe ba ce, mahaucin kuma bai taɓa sayar wa ɗan Adam mushe ba.

Mahaucin nan aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa tun ina rarrafe. Da mahaifina ya rasu, shi ne ya tsaya mana. Duk ranar kasuwa sai ya biyo da nama ƙunshe a ganye ya miƙa wa Inna, mahaifiyata, ta bakin zaure. Lokacin da aka zo ɗibar yara makarantar boko, mutane suna ɓoye nasu a rumbu, shi ya ce wa Inna ta bar ni in je, ba a san inda abincin mutum yake ba. Mutum ne mai barkwanci ƙwarai. Yana iya kwaikwayon tafiyar kowa a garin, daga mai unguwa har kuturun bakin kasuwa, rumfarsa ba ta rabuwa da dariya. Amma a kan sana'arsa ba ya wasa ko kaɗan. Dabbar da bai ga yankanta da idonsa ba, wuƙarsa ba ta taɓa ta. Shi ya sa mutanen ƙauyuka, tun daga Nariya har Unguwar Gai, in suka zo cin kasuwa, tukubarsa suke fara nema.

Da kaka ne, an gama cirar gyaɗa, masu ɗaukar majigin suka iso. Bature ɗaya ne, dogo, rana ta mayar da fuskarsa ja, sai tafintansa da wasu ma'aikata biyu masu ɗawainiya da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Suka ce gwamnati ce ta aiko su su shirya majigin faɗakarwa a kan cin naman da ba a duba ba. Labarin gajere ne. Wani mahauci zai tsinci matacciyar akuya a daji, ya feɗe ya kai kasuwa, wani magidanci ya saya, iyalinsa su kwanta ciwo, ɗansa ya mutu, daga nan dubagari ya bi sawu ya kama mahaucin. Baturen ya zagaya ya ga tsamiyar nan da duwatsun bayanta, ya ce nan yake so, wai wurin yana da kyau a hoto.

Samun dubagari bai yi wuya ba. Ni ne saurayi a ofis, kakina sabo, aka ce ni zan fito. Mahauci ne ya gagara. Sarkin pawa ya tara mutanensa ya faɗa musu, kowa ya sunkuyar da kai, wani ya ce ko za a ba shi garken shanu ba za a nuna shi da mushe a hannu ba. Kwana uku ana abu ɗaya, Bature ya fara fushi. Sai maigidana a wurin aiki, babban dubagari, ya kira ni gefe.

Ya ce, "Kai ɗan gari ne, ka san mutanenka. Ka nemo mana mutum ɗaya. Akwai kwas da za a tura mutum Kano baɗi, kuma ni ake tambaya wa ya dace."

Ban kwana da maganar ba. Da la'asar na sami Baba a rumfa yana wanke wuƙaƙe, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa masa. Ya daina wankin ya dube ni.

"Mushe fa ka ce, ɗana."

Na ce, "Ba mushe ba ne, Baba. Yanka za a yi yadda addini ya ce. Hoto ne kawai, wasan kwaikwayo. Kowa ya san wasa ne."

"Kowa ya sani?"

"Kowa, Baba."

Na faɗi haka da ƙarfin gwiwa kamar na bi gida gida na tambaya. Ya goge wuƙa da gefen warkinsa, sannan ya ce, "In na yi, aikinka zai ci gaba?" Na ce zai ci gaba. Ya ce, "To na yi. Amma limamin unguwarmu ne zai yanka, kuma ina tsaye."

Haka aka yi. Ranar ɗaukar hoto da hantsi, liman ya yanka akuyar a bayan dutse, ni da Baba muna riƙe da ita. Aka bari jini ya tsane, aka wanke wuyan, aka kai ta gindin tsamiya aka kwantar, aka juya yankan ya dubi itacen, aka ɗan watsa ganye a kai. 'Yan kallo sun biyo mu da yawa daga gari, amma wani ɗan doka da aka haɗo baƙin da shi ya kora su can nesa don kada su shiga hoto. A lokacin ban ga komai a cikin wannan ba. Daga baya ne na gane cewa a duk mutanen Rano, mu uku ne kaɗai muka ga yankan.

Da aka ce Baba ya fara, sai halinsa na barkwanci ya motsa. Ya taho yana tafe kamar mai wucewa, ya hangi akuya, ya tsaya cik. Ya taɓa ta da ƙafa. Sannan ya ɗan duƙa, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya kanne ido ɗaya, ya lashi leɓe, ya zaro wuƙa daga ƙugu a hankali. Wallahi in ka gan shi sai ka rantse ya shekara ashirin yana wannan aiki. Bature ya yi ta tafi yana magana da sauri, tafinta ya ce wai ko a ƙasarsu samun mai iya wasa haka sai an tona. Muka yi ta dariya, har liman. Ni kuma da aka zo kaina, na fito da malafata da littafina, na dafa kafaɗar Baba, na nuna shi da yatsa, ɗan doka ya tasa shi gaba. Da aka gama muka gasa akuyar nan a wurin muka cinye, har Baturen ya ci.

Suka tafi, muka manta. A tsakanin nan liman ya kama hanyar aikin hajji ta ƙasa, tafiyar da a wancan zamani takan ci shekaru, wasu ma ba sa dawowa.

Sai da shekara ta kusa zagayowa motar majigi ta zo. Aka yi shela tun da rana cewa yau za a ga Rano a majigi. Ana idar da sallar magariba filin kallon ya cika, maza da mata da yara, har mutanen ƙauye da suka ci kasuwa suka ƙi komawa gida. Aka kafa farin ƙyalle. Baba yana gaba tare da 'yan uwansa mahauta, ya sa sabuwar riga. Majigin wancan lokaci ba ya magana da kansa, wani mutum ne yake tsayawa a jikin mota da lasifika yana bayani. Wanda ya zo ranar ba ya cikin waɗanda suka ɗauki hoton, bai san kowa ba a garin, kuma mutum ne mai son ya ga maganarsa ta ratsa jama'a.

Da tsamiya ta bayyana, filin ya ɗauki sowa. Da Baba ya fito ya yi waige-waigen nan, dariya ta ɓarke, shi ma yana yi har da riƙe ciki. Sai mai lasifika ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku daina dariya. Wannan ba abin dariya ba ne. A ƙasarku aka yi shi, kun ga tsamiyar da idonku. Ku dubi fuskar mutumin nan da kyau. Irinsu ne suke kashe muku 'ya'ya."

Daga nan aka nuna yaron da ya ci naman yana murƙususu, aka nuna uwarsa ta ɗora hannu a ka, aka nuna maza sun ɗauki makara. A wani gari aka ɗauki wannan ɓangaren, da mutanen da ba mu sani ba, don haka ba wanda zai ce ai ga yaron can yana raye. Filin ya yi tsit. Wata mata a baya ta saki salati. Na ji dariyar Baba ita kaɗai ta ɗan ci gaba, sannan ta tsaya. Da aka nuna ni na dafa shi, sai tafi ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano, aka ringa waiwayowa ana nemana, wasu samari suka ɗaga ni sama. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗin da ban taɓa jin irinsa ba.

Da farko na ɗauka abin zai wuce cikin kwana biyu. Mutanen cikin gari da yawa sun san an yi wasan kwaikwayo, sun ma bi mu kallo. Amma magana ta fara juyawa. Wani ya ce, in wasa ne, me ya sa duk mahautan garin suka ƙi sai shi? Wani ya ce wanda bai saba ba ba zai iya waigen nan haka ba. Wani ya ce ai shi ya hango daga nesa, akuyar kwance aka same ta, ba wanda ya ga an yanka. Wata ta tuna ɗanta ya taɓa gudawa bayan ya ci tsire shekara uku da suka wuce. Motar kuma ta ci gaba da zagaye, ta je Kibiya, ta shiga ƙauyuka inda ba wanda ya taɓa jin kalmar wasan kwaikwayo. A wurinsu abin da hoto ya nuna ya faru, tunda ga mutum ga itace, duk sun san su. Yara suka ɗauki waigen Baba suka mayar wasa, sai su bi bayansa a lungu suna duƙawa suna kanne ido.

Na je wurin maigidana na ce ya kamata a yi shela a gaya wa mutane gaskiya. Ya kalle ni kamar na zo da shirme.

Ya ce, "Ka san tun da aka nuna majigin nan ba mahaucin da ya ƙara ɓoye mana nama? Da kansu suke kiranmu. In ka ce musu wasa ne, ka zubar da aikin gaba ɗaya. Ka bar shi, zai lafa. Kuma ka iya bakinka, takardar kwas ɗinka tana kan tebur."

Na fito ina gaya wa kaina cewa ai maganarsa da hankali a ciki. Mutum in yana son abu, ba ya rasa dalilin da zai ba kansa.

Ranar kasuwa ta uku bayan majigin ita ce ranar da nake nufi. Rana ta take, kasuwa ta cika maƙil. Na shigo layin mahauta cikin kakina ina duba nama, mutane suna biye da ni, wannan ya ce ga mai kamun, wancan ya miƙo hannu mu gaisa. Wani ɗan kasuwa ya ba ni goro fari ƙato, na fasa ina ci. Kowace rumfa da cincirindo, sai ta Baba. Na hango shi zaune shi kaɗai, tsire jere a tukuba ya gasu har ya fara bushewa, cinya biyu a rataye ba wanda ya taya. Na so in zagaye ta baya, amma ya riga ya gan ni.

Ya miƙe tsaye. Ya zaɓi tsinke ɗaya mai kyau, ya barbaɗa yaji, ya fito daga rumfa har tsakiyar hanya, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Ɗana, karɓi ka ci."

Bai ce in yi jawabi ba. Bai ce in rantse ba. Masu sara suka tsayar da gatari, kowa ya zuba mana ido. Na san abin da yake roƙo, kowa ma ya sani. In dubagarin da ya kama shi a majigi ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ci namansa, magana ta ƙare. Loma ɗaya ce. Na dubi tsiren, na dubi mutanen da suke kirana mai kamu, na tuna takardar da ke kan tebur. Sai na ji bakina ya ce, "Azumi nake yi, Baba."

Ya tsaya da hannunsa a miƙe. Ya dubi bakina, wanda goro ya rina ja, ga sauran ɓarin a hannuna na hagu. Ya daɗe yana kallo. Ban ga fushi a fuskarsa ba, da fushin na gani da ya fi mini sauƙi. Ya sauke hannu a hankali ya ce, "Allah ya karɓa." Ya juya ya koma rumfa.

Na ji wani a bayana yana cewa, "Kun gani ko? Shi da ya san komai ya ƙi ci." Kafin la'asar maganar ta gama kasuwa, kafin dare ta isa ƙauyuka a kan jakuna. Abin da majigi ya fara, ni na ƙarasa shi da kalma uku.

Labari ya riga ni gida. Na sami Inna a tsakar gida tana tankaɗe, na gaishe ta ba ta amsa ba. Sai da na juya zan shiga ɗaki ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

"An ce azumi kake yi."

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Naman da ka ƙi ci yau, shi ya gina jikin da ka sa wa kakin nan. Da ubanka yana raye, da ya cinye tsiren nan har tsinken." Ta ajiye rariya ta dube ni. "Ka tashi ka je ka same shi yanzu."

Na ce zan je. Na fita har bakin lungunsu, na hango hasken fitila a zaurensa, na juyo. Na ce gobe da safe. Da safe na ce bari in bari zuciyarsa ta huce. Na ce ranar Juma'a zan tashi a masallaci in faɗa wa jama'a, Juma'a ta zo na idar da salla na sulale. Inna ita ce ta ringa aikawa ana karɓo nama a wurinsa duk ranar kasuwa, ta dafa ta ci a ƙofar ɗakinta inda maƙwabta za su gani, amma wa yake kallon abin da tsohuwa ta ci? Ana cikin haka takardar kwas ta fito da sunana. Na ɗaure akwatina na hau mota, ban yi masa sallama ba.

Daga kwas aka wuce da ni aiki wani gari. Sai da aka yi bikin samun mulkin kai, aka ƙara shekara biyu, sannan aka dawo da ni gida. Na tarar wani ne a rumfar Baba. Inna ta ce bai kai wata uku ba bayan tafiyata ya kwashe iyalinsa ya koma Unguwar Gai, wajen dangin mahaifiyarsa, yana noma. Tsamiyar nan kuwa ta riga ta sami sunanta, matafiya sun daina hutawa a inuwarta, mata masu tallan nono ma sun canja wurin zama.

Na ɗauki kwanaki ina juya abin a raina, sannan wata safiya na hau keke. Na same shi a ƙarƙashin wata rumfar kara a ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na jingine keke tun daga nesa, na cire takalmi, na zo na durƙusa. Ya gane ni nan take. Ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya sa aka kawo mini fura. Na kasa sha. Na fara magana, kuka ya ci ƙarfina, ni da nake magidanci da 'ya'ya biyu a lokacin.

Ya bar ni sai da na yi shiru don kaina. Sannan ya ce, "Bari in gaya maka, ɗana. Majigi bai san ni ba. Mai lasifikan nan bai san ni ba. Mutanen da suka guji rumfata 'ya'yansu suke ji wa tsoro, ni ma da haka zan yi. Duk ban riƙe su ba." Ya ja igiyar ya ɗaure bakinta. "Ranar nan ba ciniki nake nema ba, na san ciniki ya riga ya tafi. So nake in ga mutum ɗaya da ya san ni ya tsaya kusa da ni a gaban jama'a. Shi ke nan abin da nake so."

Na ce, "Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe tun tuni. In ban yafe maka ba, me zan ce wa ubanka in mun haɗu?"

Na ce masa zan sa a yi shela a kasuwa, zan je wurin sarkin pawa a mayar masa da rumfarsa. Ya girgiza kai, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo.

"Bar shi. Ko ragon layya ba ni nake feɗewa ba yanzu, maƙwabci nake kira. In na ɗauki wuƙa sai in ji kamar ana kallona ta baya. Bar shi kawai."

Mutumin da yake sa kasuwa guda dariya, na zauna da shi har azahar ban ga haƙorinsa ba. Kuma ga wani abin kunyar da sai yanzu nake iya faɗa: da ya ce in bar shi, sanyi na ji a raina. Na karɓi maganar da hannu biyu, na mayar da ita izini. Na ci gaba da kai masa ziyara, ina riƙa masa goro da sukari, amma shelar ban yi ba. In zance ya taso a zaure nakan gaya wa mutum ɗaya ko biyu yadda aka yi, su ce Allah sarki, maganar ta mutu a nan.

Damina biyu bayan haka ya rasu. Saƙo bai same ni da wuri ba, sai ranar sadakar uku na je. Muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan, mu kamar talatin, sai ga wani mutum ya biyo hanya da jakinsa. Ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi wani saurayi da ke bakin hanya wa ya rasu. Saurayin bai yi da mugunta ba, kwatance kawai yake yi. Ya ce, "Tsohon nan ne, mai mushen majigi."

'Ya'yan Baba biyu suna zaune kusa da ni. Na ga babban ya sunkuyar da kai, alamar ya saba ji. A nan ne abin da ya kamata in yi shekaru da suka wuce ya taso mini. Na miƙe tsaye, na ce jama'a su saurare ni. Na ce ni ne dubagarin da suka gani a majigi. Na faɗi yadda na je na roƙe shi, da dalilin da ya sa ya yarda, da yadda liman ya yanka akuyar ina riƙe da ƙafafunta, da yadda muka gasa muka ci. Na faɗi abin da na yi masa a kasuwa, ban rage komai ba. Na ce ina shaida a gaban Allah, ban taɓa sanin mahauci mai tsoron Allah a sana'arsa kamar mutumin nan ba.

Wasu suna salati ƙasa-ƙasa, ƙaramin ɗansa yana share hawaye da hula. Sai wani tsohon Bafulatani, maƙwabcin gonar Baba, ya ɗago sandarsa daga cinya ya dube ni.

Ya ce, "Malam, mun ji, Allah ya saka. Amma wannan magana, ina ta kwana duk shekarun nan? Mutumin nan shekara nawa muna salla sahu ɗaya, ko sau ɗaya ban bari ya kama mini akuya ba. Da na ji haka yana raye, da na je na ba shi haƙuri. Yanzu wa zan ba?"

Na tsaya kamar an dasa ni, har aka shafa fatiha mutane suka fara tashi. Yau shekaru masu yawa ke nan, na yi jikoki, na yi furfura, kuma har yanzu ban samo amsar da zan ba tsohon nan ba.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba, kuma wani ne ya ɗauki nauyinsa, ba ni ba. Na gane cewa ba sai ka ƙirƙiri ƙarya a kan mutum ba ne kake zama wanda ya cuce shi. Ya isa a ce kai ne ka san gaskiya, aka dube ka, ka yi shiru. Na kuma gane cewa shaida tana da lokacinta. Wadda za ta ceci mutum ita ce wadda aka bayar a ranar da yake tsaye shi kaɗai jama'a suna kallonsa, a lokacin da bayar da ita zai iya jawo maka asara. In ka ajiye ta sai ranar da ba za ta taɓa ka ba, to shi ma ba za ta amfane shi ba. Don haka nake gaya wa 'ya'yana da jikokina, in aka ɓata sunan wani a gabanku kuma kun san ba haka ba ne, kada ku ce sai gobe, kada ku ce sai an huce. Ku buɗe baki a nan inda kuke tsaye, tun mai sunan yana da kunnen da zai ji.